Ƙullin haske: yadda muka shigar da kimiyyar kwantam aji a Zariya da kayan kasuwa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam, saboda cikar shekara 100 da aikin da Werner Heisenberg ya fitar a 1925. Wannan ne ya zaburar da mu, mu 'yan tsiraru masu koyar da fiziks a Zariya, muka shirya zaman nuni na yini guda ga ɗaliban aji biyu da na uku na babbar sakandare a wata makaranta ta ɓangaren Tudun Wada. Tun kafin mu sayi ko da reza muka gindaya wa kanmu sharaɗi biyu. Duk abin da za mu nuna sai ya kasance ana samunsa a kasuwar Sabon Gari ko wajen masu gyaran waya da rediyo, kuma sai ya yi aiki da batir. Idan kayan sai an aro su daga ɗakin gwajin jami'a a Samaru, to ranar da muka kwashe su darasin ya bi mu, malamin makarantar ya koma ga alli da allo.

Abin da ya fi ba mu wuya kafin ranar shi ne kalma. Kwantam dai kowa zai iya furtawa, amma ba ta ɗauke da hoton komai a kan yaro. Muka tsaya a kan ƙulli. Duk ɗan Zazzau ya san ƙullin gishiri da ƙullin sukari a shagon unguwa, ya kuma san mai shago ba ya sayar da rabin ƙulli: ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko ka haƙura. Abin da Max Planck ya tsinci kansa dole ya ɗauka ke nan a 1900, kuma Einstein ya ƙarfafa a 1905: haske yana ba da makamashinsa ne ƙulli-ƙulli, kuma girman ƙullin ya dogara da launin hasken. Ƙullin shuɗi ya fi na ja girma. Sunan wannan ƙullin shi ne foton. Shi kuwa tsawon zango bai buƙaci dogon bayani ba, domin masu sauraren rediyo sun daɗe da sanin gajeren zango da matsakaicin zango. Muka ce haske ma haka yake, sai dai zangonsa da nanomita ake auna shi, wato mita ɗaya an raba ta gida biliyan. Ja yana wajen 630 zuwa 650, shuɗi wajen 470.

Ɗaki shi ne rabin aikin. Gwaji huɗu cikin biyar suna son duhu, ajin kuma tagoginsa shida ne. Mun rufe su da baƙar leda mai kauri ninki biyu da salatif, muka bar ƙofa da labulen bargo. Ninki ɗaya ba ya isa, rana tana ratsa shi. Wannan aiki na hunturu ne. Idan aka rufe yara 60 a irin wannan ɗaki a watan Afrilu, kafin minti 20 hankalin kowa ya koma kan zufa. Ko a hunturun ma mun raba su rukuni 10 na mutum shida-shida, rukuni biyar a ciki, biyar a baranda suna haɗa kayansu, ana musanya duk bayan minti 25. Mun fara ƙarfe tara, muka tashi kafin azahar.

Da carbi muka buɗe. Irin farin carbin nan mai ɗan kore-kore da ke haske a duhu, wanda ake sayarwa a bakin masallatai. Mun sayi guda goma muka zuba su a gwangwanin madara mai murfi tun daren jiya, domin duk hasken da suka sha ya zube. Wannan matakin ba a tsallake shi: carbin da ya ga hasken ɗaki ko na minti ɗaya ne zai fito yana ƙyalli, gwajin ya lalace tun ba a fara ba. A cikin duhu aka fito da ɗaya, aka ɗora masa jar leza tana haske tar na daƙiƙa 30, aka kashe. Ba komai. Sai aka kawo ƙaramin shuɗin ƙwan LED mai rauni, wanda da ƙyar yake haska tafin hannu, aka taɓa shi da shi daƙiƙa biyar. Ƙwayoyin da hasken ya taɓa suka kama kore. 'Yar tocilar nan mai ruwan shanshanbale da ake duba jabun kuɗi da ita ta fi ma kyau, har layi ake ja da ita a jikin carbin.

Wata ɗaliba daga bayan aji ta ce, "Malam, to idan aka haɗa jajayen guda goma fa?" Tambayar da muke jira ke nan. Aka tattaro duk jan hasken da ke ɗakin aka haɗa a kan carbi ɗaya, har aka ƙirga minti guda da baki. Da aka kashe, duhu. Dalilin shi ne, sinadarin da ke jikin carbin yana karɓar haske ƙulli ɗaya ne a lokaci guda, kuma akwai mafi ƙarancin girman ƙullin da zai iya ɗaga elektiron ɗinsa, wato 'yar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, zuwa matakin sama. Ƙullin ja bai kai ba, kuma yawansa ba ya cike gurbin girmansa. Yara dubu da ba su kai tsayin katanga ba, idan kowa shi kaɗai zai yi tsalle, babu wanda zai haura. Abu ɗaya ya so ya ɓata mana wannan gwajin a wajen atisaye: wata jar tocila da muka saya ashe farin ƙwai ne aka sa wa jar roba a baki. Farin LED kuwa asalinsa shuɗi ne da aka shafa wa sinadari mai mayar da wani sashe na hasken rawaya, kuma robar ba ta tare shuɗin duka ba, sai ga carbi yana ɗan ƙyalli da "jan" haske. A buɗe kan tocilar a duba ƙwan kafin a biya kuɗi.

Gwaji na biyu shi ne wanda muka fi daɗewa a kansa, kuma a ganinmu shi ne ƙashin bayan yinin, domin a nan yaro yake auna adadin Planck da hannunsa, wato lambar da ke haɗa girman ƙulli da yawan kaɗawar haskensa. Kowane rukuni ya samu batir AA guda uku a gidansu, wato bolt 4.5, da abin juya murya na rediyo mai ƙafa uku mai lamba B10K, da rasista mai om 220 don rage ƙarfin wuta, da mitar masu gyara, da ƙwayayen LED huɗu: ja, rawaya, kore, shuɗi. Ƙafafu biyu na gefe na abin juyin suna zuwa kan batir, ƙafar tsakiya ta bi ta rasista zuwa doguwar ƙafar ƙwan, gajeriyar ƙafar ta koma ɓangaren ragi na batir. Mitar a sa ta a kan bolt 20 na wutar batir, a maƙala wayoyinta a ƙafafun ƙwan biyu. A naɗe baƙar takarda kamar bututu mai tsawon santimita 15, a rufa a kan ƙwan, mutum ɗaya ya sa ido, wani yana juyawa a hankali, na uku yana kallon mita. Da mai leƙe ya ga ɗigon haske na farko sai ya ce "tsaya", a rubuta. Sau uku ga kowane launi, a ɗauki matsakaici.

Da farko da batir mai bolt 9 muka gwada, muka bar shi. Duk abin da ake nema yana tsakanin bolt 1.5 da 2.6, saboda haka da bolt 9 ɗan motsin yatsa kaɗan sai ka wuce wurin. Lambar abin juyin ma tana da muhimmanci. Mai harafin A, wanda aka fi cirowa daga tsofaffin rediyoyi, ba ya tafiya daidai-wa-daida: yana jan ƙafa a farko, ya zabura a ƙarshe. Mai harafin B ake so.

Yawancin rukunonin sun samu ja yana kamawa a wajen bolt 1.65, shuɗi a wajen 2.35, rawaya da kore a tsakani. Daga nan lissafin gajere ne. A raba gudun haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa, da tsawon zango, a samu yawan kaɗawar hasken: ja mai nanomita 630 yana ba da 4.76 × 10¹⁴ a daƙiƙa, shuɗi mai 470 yana ba da 6.38 × 10¹⁴. Bambancin bolt 0.70 ne, bambancin kaɗawa 1.62 × 10¹⁴. A raba na farko da na biyu, a samu kimanin 4.3 × 10⁻¹⁵. Adadin da duniya ta yarda da shi a wannan ma'aunin 4.14 × 10⁻¹⁵ ne, kuma daga shi aka ɗauko 14 ga Afrilu, wata na huɗu, a matsayin ranar kwantam ta duniya. Idan aka ninka da cajin elektiron, 1.6 × 10⁻¹⁹, sai a dawo kusa da 6.63 × 10⁻³⁴ da ke cikin littafinsu.

Muna jaddada a yi amfani da bambanci tsakanin launuka, ko gangaren layin idan an zana jadawali, kada a lissafa da ƙwai ɗaya. Bolt ɗin da ido ke fara ganin haske a kansa kullum yana ƙasa da ainihin makamashin foton ɗin, saboda ɗumin ɗaki yana taimaka wa wasu elektiron su haura da wuri. Wanda ya lissafa da ja shi kaɗai zai ga amsarsa ta gaza da kusan kashi 15 cikin 100. Ɗaukar bambanci yana share mafi yawan wannan giɓin. Kore shi ne mai rikici. Akwai tsohon iri mai kore-rawaya da ke wajen nanomita 565, akwai sabon iri mai kore shar da ke wajen 525, kuma a kasuwa a leda ɗaya ake zuba su. Ga shi ido ya fi jin kore a kan sauran launuka, sai mai leƙe ya riga ya ce "tsaya". Rukuni biyu ɗigonsu na kore ya kauce wa layi, ba mu ce su goge ba. Muka sa suka kunna ƙwan nasu kusa da na maƙwabtansu, suka ga da idonsu ba launi ɗaya ba ne. Mutum ɗaya ya riƙa leƙen duka launukan, kuma ya zauna a duhu minti biyar kafin ya fara. Rukuni ɗaya kuma ƙwansu ya ƙi kamawa sam, ashe an juya ƙafafun ne.

A baranda, masu jiran shiga suna haɗa madubin raba launi. Kwalin sabulun gari ko na sukari mai tsawon kamar santimita 20, tsohon faifan CD, baƙin tef. A gefe ɗaya ana yanka tsaga siririya, faɗinta bai kai rabin milimita ba. Mu muka yi tsagogin a gida da gefunan reza biyu muka rufe kaifin da tef, ba mu ba yara reza ba. A ɗaya gefen a tsaga kwalin a karkace kamar digiri 60 a zura faifan, fuskarsa mai ƙyalli tana kallon tsagar, a huda ramin leƙe a sama daidai kansa. Faifan CD yana da layuka kusan 625 a kowace milimita, su ne suke baza hasken launi-launi. Tsagar ta kwanta daidai da yadda layukan faifan suka kwanta a wurin da ake kallo, in ba haka ba launukan su cakuɗe. Duk wata kafa a toshe ta da tef. Ba a kallon rana da shi, wannan mun faɗa sau uku.

Tsohon ƙwan tocila mai zare yana ba da bakan gizo a haɗe, ja har shuɗi babu yankewa. Farin LED yana nuna shuɗi mai ƙarfi, ɗan rami, sannan faffaɗan kore da rawaya. Amma ƙwan nan mai lanƙwasa da ake kira mai tsimin wuta, shi layuka ne rarrabe da duhu a tsakaninsu: shuɗi a 436 da kore a 546 na sinadarin makuri, da ja a wajen 611 daga hodar da ke jikin gilashin. Wannan ƙwan yanzu sai an tona a kasuwa, LED ta kore shi. Mun samu irinsa a jikin tsohuwar fitilar caji mai doguwar sanda, wadda ta cika mana sharaɗin batir. Layukan suna nuna cewa elektiron a cikin ƙwayar zarra matakala yake hawa da sauka, kamar yadda Niels Bohr ya kawo a 1913, kuma kowace sauka tana fitar da ƙulli mai girma ɗaya tak. Kowane sinadari da tasa matakalar. Muka jiƙa gishiri, muka tsoma wayar ƙarfe muka sa a shuɗin harshen gas, ya koma rawaya, layin sodiyam ke nan a 589. Muka maimaita da kanwa, launin bai canza ba, domin ita ma sodiyam ce a cikinta. Kyandir ba ya yi, harshensa rawaya ne tun asali, wayar tagulla kuma kore take sakawa. Ta irin wannan layi aka gano iskar hiliyam a hasken rana a 1868, shekara 27 kafin a same ta a ƙasa. A nan Zariya ma, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, inda ake gane sinadaran da ke cikin ƙasa ko dutse ko hatsi daga layukan hasken gama da suke fitarwa, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Yaran da yawa suna wuce wurin a mota ba su san aikinsa ɗan'uwan kwalin da ke hannunsu ba ne.

Gwajin gashi da leza gajere ne. A miƙe silin gashi ɗaya a tsaye a kan tagar da aka yanka a kati, a danne da salatif. A kama maɓallin jar leza mai nanomita 650 da maƙalin shanya, a ajiye ta a kan littattafai, bango yana nesa da mita 3. Layin ɗige-ɗige zai bayyana a kwance. A auna tazarar duhu zuwa duhu a gefe ɗaya, a ninka tsawon zango da nisan bango a raba da tazarar: santimita 2.8 tana nufin gashi mai kaurin milimita 0.07. Gashin da bai miƙe ba yana karkatar da layin. Leza a hannun malami kawai take zama, ƙasa da tsayin idon wanda ke zaune, kuma ba mu yarda da koriyar leza mai arha ba, domin sau da yawa ƙarfinta ya fi abin da aka rubuta a jikinta, wasu kuma suna zubar da hasken da ido ba ya gani amma yana ƙona shi.

A nan akwai gaskiyar da ya wajaba a faɗa wa yara. Wannan gwajin shi kaɗai yana nuna haske yana tafiya kamar igiyar ruwa ne, abin da Thomas Young ya nuna tun farkon ƙarni na 19. Kwantam yana shigowa ne idan aka haɗa shi da carbin: abu ɗaya yana tafiya kamar igiyar ruwa, yana sauka ƙulli-ƙulli. Don haka muka nuna musu a kwamfuta hoton gwajin Akira Tonomura da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi a Japan, na 1989, inda elektiron ke sauka ɗaya bayan ɗaya, ɗigo nan ɗigo can kamar babu tsari, har layukan su fito da kansu.

Na ƙarshe shi ne ledar tace haske, wadda muka ɓare daga fuskar matattun kwamfutoci a wajen masu gyara. A ɗumama gilashin kaɗan, a ja ledar a hankali daga kusurwa, a wanke gam ɗin da sifirit. Ta fuskar wayoyin zamani ba mu ji daɗinta ba, wasu suna da ƙarin shimfiɗa da ke sa su yi aiki ta fuska ɗaya kawai. A ɗora biyu a gicciye, haske ya ɗauke. A zura ta uku a tsakaninsu a karkace digiri 45, haske ya dawo, kusan kashi ɗaya cikin takwas na asali idan ledar mai kyau ce. Idan aka sa ta ukun a gaba ko a baya, duhun yana nan. Ta fuskar foton, kowace leda tambaya ce mai amsa biyu, wuce ko tsaya, kuma wanda ya wuce ya ɗauki sabon hali, ya manta na baya. Wannan ma tsohon lissafin igiyar ruwa yana iya bayyana shi, mun kuma faɗa musu haka. Amfaninsa shi ne yana sa yaro ya riƙe a hannu abin da ake nufi da cewa awo yana canza abin da aka auna.

Akwai jimlar da muka hana kanmu furtawa: wai abu yana wuri biyu a lokaci guda. A atisaye da muka gwada ta a kan wasu matasa, nan take hira ta koma kan aljanu da layar zana. Abin da muke cewa shi ne, kafin awo lissafi yana ba da yiwuwar kowane sakamako, idan aka auna kuma sakamako ɗaya ake samu, kuma lissafin yiwuwar yana cika daidai idan aka maimaita sau dubbai. Da wani ɗalibi ya tambaya game da ƙwayoyin da aka ce suna jin juna daga nesa, muka ce gaskiya ne an tabbatar da alaƙar, a kanta Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger suka samu kyautar Nobel a 2022, amma ba a iya aika saƙo da ita fiye da gudun haske.

Wani malamin makarantar ya kawo maganar da ta fi damunmu. Ya ce, "Malam, na'urar nan da ake yawo da ita ana cewa ta kwantam ce, ka riƙe ƙarfe a hannu minti ɗaya kwamfuta ta zayyano maka ciwon hanta da ƙoda, ita fa?" Amsarmu ba ta da kwana: babu wata hanya a fiziks da riƙe sandar ƙarfe zai auna hanta, sunan kawai aka ara don a sayar da magani. Haka abin wuyan da ake cewa yana ba da makamashin kwantam. Mai ciwo ya je asibiti a yi masa gwajin jini. Inda kwantam yake aiki da gaske yana aljihunsu da rufin gidajensu: transistocin waya, ma'ajiyar hotunanta, ƙwan LED, da farantin sola, wanda silikon ɗinsa ba ya amfana da hasken da zangonsa ya wuce kimanin nanomita 1,100, bisa dalilin da ya hana carbi kamawa da ja.

Kayan duka mun bar wa malamin fiziks na makarantar a kwali ɗaya, da takarda shafi biyu da Hausa mai zanen haɗin wayoyin da jadawalin da za a cike. A cire batir daga gidansu bayan kowane darasi, domin abin juyin yana shan wuta ko ƙwan bai kama ba. Ƙwayayen LED kowane launi a ledarsa, a rubuta tsawon zangonsa a jiki, korayen biyu a ware su. Ledar tace haske a sa ta tsakanin shafukan littafi don kada ƙurar hunturu ta karce ta. Carbin kuma ya koma gwangwaninsa a rufe.